Shin Filash Zai Iya Ƙara wa Laftof Gudu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Laftof ɗina ta hannu ce, RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) 4GB, Windows 10 ke kanta. Watanni biyu ke nan ta fara nauyi, wani lokaci har ta daskare, ina jin ƙaramar ƙara "ƙwas-ƙwas" daga cikinta. Wani mai gyara ya ce in sayi filash 32GB ya mayar min da shi RAM ta hanyar ReadyBoost, wai za ta koma sabuwa. Gaskiya ne? Furojet ɗina na kammala digiri yana ciki, saura wata ɗaya in miƙa.
Daga wata ɗaliba a Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kafin ki ƙarasa karanta wannan, kwafe furojet ɗin nan ki tura wa kanki ta imel, ki sa wani kwafin a wayarki. Yau, ba gobe ba.

ReadyBoost gaskiya ne akwai shi. Microsoft ta fito da shi tare da Windows Vista a 2007, zamanin da kwamfutoci da yawa ke fama da RAM 512MB ko 1GB. Allurar faifan HDD, wato faifai mai juyawa da kwamfuta ke ajiye fayiloli a kai, kan ɗauki milisakan (kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa) 10 zuwa 15 kafin ta lalubo ƙaramin fayil, filash kuwa ba shi da allura, cikin kamar milisakan ɗaya ya miƙo. Sai Windows ta riƙa ajiye kwafin ƙananan abubuwan da ake yawan nema a kansa. Manyan fayiloli daga faifan ake ci gaba da karanto su, domin a nan ya fi filash na USB 2.0 sauri nesa ba kusa ba. A na'ura mai RAM 1GB akan ga ɗan bambanci. A mai 4GB, da ƙyar za ki lura.  In kuma SSD, wato ma'ajiyar fayiloli mai sauri marar allura, ke cikin kwamfuta, Windows da kanta take ƙin kunna ReadyBoost, saboda ba shi da abin da zai ƙara.

Amma maganar "mayar da filash RAM" ita ce ke ɓata min rai, kuma kusan kullum sai an shigo shagona da ita. Filash ba ya zama RAM, ko da wace manhaja aka sa masa. RAM nau'in DDR3-1600 tana iya ɗaukar har 12.8GB a daƙiƙa ɗaya, filash na USB 2.0 kuwa da wuya ya haura 35MB. Ina wannan ina wancan? Bayan mai gyaran ya gama, ki buɗe Task Manager, inda Windows ke nuna yawan RAM, ki duba, 4GB ɗinki za ki gani, ko ɗigo bai ƙaru ba. Kunna ReadyBoost danna maɓalli uku ne a Properties na filash ɗin, kyauta, amma sai a karɓi kuɗin yarinya a ce an yi mata "aikin injiniya". Wasu ma har su ɗora mata manhajar da ake cewa tana ninka RAM, wadda ba a san inda aka sauko da ita ba, ta zo da ƙwayar cuta. Ga kuma jabun filash da suka cika kasuwa: an rubuta 32GB a jiki, cikin bai kai rabi ba. Kuɗin da aka yi asara ba shi ne ya fi damuna ba. Lokacin da ake ɓatawa ne. Na sha ganin ɗalibi ya yi makonni yana sauya filash, alhali faifansa ne ke mutuwa a hankali, sai ranar da kwamfutar ta ƙi tashi ya zo yana hawaye. Wani mukan ceto masa aikinsa, wani kuma sai haƙuri. Wanda ya ji faifai yana ƙara ya ce a kawo filash, bai san aikin ba, ko kuma ya sani ya zaɓi kuɗin.

Wannan ƙarar da kika ambata, haɗe da daskarewa, alama ce da ba na wasa da ita. Bayan kin kwafe aikinki, sauko da CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar faifai, kyauta ce. In ta nuna launin rawaya ko ja, faifan ya gaji. Ko shuɗi ta nuna, muddin ƙarar na nan, kada ki saki jiki.

Maganin shi ne SSD na SATA mai inci 2.5, wanda zai zauna a gurbin tsohon faifan. Yana karanta kimanin 500MB a daƙiƙa, kuma 256GB ya ishe ki. In da sauran kuɗi, ki ƙara RAM ta kai 8GB, amma a fara duba ko DDR3, DDR3L ko DDR4 laftof ɗin ke ɗauka, don ba sa maye gurbin juna haka kawai. Tsohon faifan kuma kada ki bar shi a shago, ki karɓi abinki ki ajiye har sai kin miƙa furojet.