Dalilin da jel ɗin famfas ke dagargajewa, da yadda ake ƙarfafa irinsa

Malam, ka tambaya yaya abin nan mai santsi na cikin famfas yake dagargajewa da an matsa shi, amma ake cewa da irinsa za a yi guringuntsin gwiwa.

Sunansa haidirojel. Zaruruwan folima ne, wato dogayen sarƙoƙin sinadari, da aka ɗaure kamar raga, suka sha ruwa suka riƙe. Na famfas raga ɗaya ce, wani zaren gajere wani dogo. Da an ja sai gajeren ya tsinke, tsagar ta zarce, kamar yadda atamfa ke yagewa da zarar an ɗan datse bakinta.

Dabarar da ta sauya lamarin daga Jami'ar Hokkaido ta Japan ta fito a 2003, wajen Farfesa Jian Ping Gong. Raga biyu suka saƙa cikin juna, ɗaya mai tauri da saurin karyewa, ɗaya mai laushi da miƙewa. In aka ja, mai taurin ce ke tsintsinkewa ta shanye wahalar, mai laushin kuma ta hana tsagar yin nisa. Illarta dai, abin da ya tsinke ya tsinke ke nan.

A 2012 masu bincike a Harvard suka haɗa aljinet na ciyawar teku da wata folima mai miƙewa, suka ɗaure aljinet ɗin da kalsiyam. Wannan ɗaurin yana kwancewa ya sake kamawa, jel ɗin kuma ya miƙe ya ninka tsawonsa sau 20 duk da kusan kashi 90 cikin 100 nasa ruwa ne. Sai dai gwiwa ba ja ɗaya take sha ba, lanƙwasa ce sau dubbai kullum, nan ne jel ke gajiya.