Da me doka ke kama mai algus a man shanu?

Tambaya: Na sayi man shanu na kwali, da na narkar da shi sai ruwa ya kwanta a ƙasa, ƙamshinsa kuma bai yi mini ba. In na kai ƙara, da me hukuma za ta kama mai shi?

Amsa: Malam, ruwan da ka gani shi kaɗai bai isa hujja ba, domin man shanu na ƙwarai ma yana ɗauke da ruwa. Ma'aunin Codex, hukumar da FAO da WHO, wato hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, suka kafa a 1963, ya ce kitsen madara kada ya gaza kashi 80 cikin 100, ruwa kada ya wuce kashi 16, ragowar daskararren madara kuma kada ya wuce kashi 2. Amurka ta sa wannan kashi 80 a dokarta tun 1923. Wanda ya gaza haka, ko ya cuɗa wani mai, ya kuma rubuta "man shanu" a kwalin, ya yi laifi. In ya faɗi gaskiyar abin da ke ciki, babu ƙara a kansa.

A ɗakin gwaji ana busar da samfur a sake auna shi, nauyin da ya ragu shi ne ruwan. In an cuɗa sitaci kuwa, ɗigon aidin ke tona shi, nan take ya koma shuɗi mai duhu. Man tsirrai ya fi wuyar kamawa. Ana neman sinadarin sitosterol, wanda na tsiro ne, ana kuma duba ko butyric acid, alamar kitsen madara, ya yi ƙasa.

Amma inda shari'a ta fi rushewa shi ne wajen ɗaukar samfur, kuma abin na da ciwo, don mai laifi na kuɓuta da kuskuren jami'i. A Ingila ana raba samfurin kashi 3, a Indiya dokar abinci ta 2006 ta ce kashi 4, a rufe kowanne da hatimi, don wanda ake tuhuma ya iya neman gwaji na biyu. In hatimi ya ɓalle, ko man ya narke a hanya ruwa ya ware, lauya zai ce abin da aka gwada ba kayan da aka sayar ba ne.

Don haka kwalinka da ka buɗe ba zai tsaya a kotu ba, sai dai ya sa jami'ai su je su ɗauki nasu. Ka adana rasit da kwalin mai lambar rukunin kaya, ka sa ragowar a firji, ka kai wa hukumar kula da abinci. In gwaji ya tabbatar, ana ƙwace kayan, a janye rukunin daga kasuwa, a ci tara, hukuncin kuma yana tsananta idan abin da aka zuba na cutar da lafiya.