Ina son kafa sana'ar feshin ƙwari a Maradi, amma masu jefa ƙwayar guba a ɗaki sun karya farashi

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Shekara biyu ina bin ubangidana muna feshin gidaje da sito a nan Maradi. Yanzu na tara jika 300, ina son in tsaya da ƙafata. Abu biyu ke hana ni barci. An ce in ba ni da takarda ana iya ƙwace mini kaya, ban kuwa san ƙofar da zan nufa ba. Na biyu, in na faɗi farashina sai a ce wane yana yi da rabin haka, ƙwaya biyu kawai yake jefawa a ɗaki kuɗin cizo su ƙare. Wata Hajiya ma ta ce maganina ruwa ne tunda ba ya wari. Kuɗina za su isa? Ko in bi sahu in riƙa sa ƙwayar nan?

Wani matashi daga unguwar Zariya

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kuɗinka za su isa ka fara, in ba ka ce sai ka kama shago ka sayi babur a rana ɗaya ba. Zan zo kan ƙwayar, don ita ta fi tayar mini da hankali a cikin wasiƙarka, amma mu fara sallamar takardu.

Takardu iri biyu ne. Akwai na zama ɗan kasuwa, wato rajistar RCCM da lambar haraji ta NIF, kuma ofishin 'yan kasuwa na nan Maradi zai nuna maka hanyarsu. Akwai kuma izinin taɓa guba, wanda ma'aikata ke kira agireman. Wannan yana hannun babbar ma'aikatar kare tsirrai, DGPV, a ƙarƙashin dokar kare tsirrai ta 2015, kuma ta ofishin noma na jiha za ka bi. Tunda gidajen mutane da otel za ka shiga, ka leƙa wajen ma'aikatan tsabta su ma su san da kai. Duk dalar da ka biya ka karɓi resi, ka kuma riƙe kwafin duk abin da ka miƙa. Na san abin da za ka ce: kai mai son gaskiya kana zirga-zirga tsakanin ofisoshi, mai tallar guba a baro yana wucewa ta ƙofar ofishin ba wanda ya ce masa kanzil. Haka ne, ni ma yana ci mini rai. Sai dai ranar da wata ƙungiya ko makarantar kwana ta nemi mai feshi, faktir mai lambar NIF za ta tambaya, mai baro kuwa ba shi da ita.

Maganin ma yana da nasa izini. A ƙasashen CILSS, wato ƙungiyar ƙasashen Sahel ta yaƙi da fari wadda Nijar ke ciki, kwamitin CSP da ke Bamako ke tantance magungunan ƙwari tun 1994: izinin wucin gadi shekara 3, cikakken izini shekara 5, kuma lambar tana jikin kwalba. Shi ya haramta maganin ƙwarin da ake kira endosulfan a 2007. Mafi yawan abin da ke shigo mana ta Jibiya da Ɗan Isa ba ya ɗauke da wannan lamba. Lambar NAFDAC ta hukumar abinci da magunguna ta Najeriya ce, ba ta wanke ka a nan Nijar.

Kayan aiki ka san su: famfon goyo mai lita 16, gwamma biyu don kada na gona ya shiga ɗakin kwana, rigar aiki, takalmin roba, safar hannu, tabarau. Inda ban yarda ka yi rowa ba shi ne abin rufe hanci mai matata da ake canzawa. Rawani da takunkumin ƙyalle ƙura suke tarewa, guba ratsa su take yi. Wajen yanke farashi kuma, yara da yawa kuɗin magani kawai suke lissafawa. A ce kwalbar jika 12 ta ishi gida huɗu, to jika 3 ke nan kowane gida. Ina kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa sau biyu? Ina na yaron da ya ɗaga katifu, da lalacewar famfo, da haraji? Na ce sau biyu ne saboda ƙwan kuɗin cizo yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10, feshi kuwa bai cika kashe ƙwai ba. In ba ka sa komawa bayan sati biyu cikin farashin farko ba, ko ka yi aikin kyauta ko a kira ka maƙaryaci.

To, ƙwaya. Don Allah ka ajiye abin da ke hannunka ka saurare ni.

Abin da wane ke jefawa a ɗaki shi ne aluminiyom fosfaid, wanda aka fi sani da Phostoxin. An yi shi ne don hatsi a cikin sito rufaffe, ƙarƙashin tamfol, nesa da inda mutum ke kwana. Ƙwaya mai giram 3 in ta sha raɓar iska tana fitar da giram 1 na iskar fosfin. Wannan iska ba ta san bango ba. Tana bin tsaga, tana bin ƙarƙashin ƙofa, tana bin saman silin ta faɗa ɗakin maƙwabci. Ka duba gidajen haya na Sabon Gari, ɗakuna a jere, rufin kwano ɗaya. Wanda ya biya kuɗin aikin ya kwashe iyalinsa ya tafi Tibiri kwana biyu, wadda ke kwana da jariri a ɗaki na gaba ba wanda ya gaya mata komai.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne cewar da suke yi wai "a buɗe taga da marece, shi ke nan." Ƙarya ne. Ƙwayar tana ɗaukar kwanaki kafin ta gama narkewa, kuma a busasshiyar iska irin tamu ta hunturu ta fi jinkiri. An buɗe taga, wari ya ragu, an shimfiɗa wa yara tabarma a ƙasa, an rufe ƙofa saboda sanyi, ita kuwa tana ƙarƙashin gado tana ci gaba da aikinta. Tokar da ta bari ma ba ta mutu ba. In aka watsa mata ruwa tana iya kamawa da wuta. Tsakar dare yaro ya fara amai, ƙirji ya ɗaure, sai a ce zazzaɓin cizon sauro ne, ko abincin jiya, ko iska, ko an yi masa baki. Kafin a gane, gubar ta kama zuciya. Fosfin ba shi da makari. Ka sake karantawa: babu allurar da ke karya shi a kowace likita ta duniya, sai dai a tallafi numfashi da zuciya a jira ikon Allah. Na sha zama da mutanen da suka rantse mini shekara goma suna sawa ba abin da ya faru. Mai tsallaka titi ido rufe shi ma yana iya yin shekara goma.

Ƙanwar wannan ƙarya ita ce ta Hajiyarka, wai wari shi ne ƙarfi. Ita ta sa fiya-fiya ya cika ɗakunanmu, ana zuba shi a katifa, ana yayyafa shi a buhun wake. Gubar da ke cikin fiya-fiya sunanta dikulorbos, kuma a 2019 Najeriyar da kanta ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni. Warin da ake ji a yawancin magunguna na man da aka narkar da su ne a ciki, ba ma'aunin aikinsu ba ne. Sannan in wani ya sha ko ya shaƙa, a daina ɗura masa madara da manja ana sa shi amai. A fitar da shi iska, a tuɓe masa tufafi, a wanke jikinsa da sabulu, a ruga likita da kwalbar a hannu. Irin fiya-fiya yana da makari, atirofin, amma sai likita ya san abin da aka sha.

Kasuwa kuwa tana nan, lokaci take bi. Damina sauro da kyankyaso, kaka sito na wake da gyaɗa da aya, gara kuma duk inda ake sabon gini. Aikin wake ya ragu tun da buhun PICS mai ninki uku, wanda ke adana wake ba tare da magani ba, ya bazu daga 2007, kuma masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, a nan Maradi suna cikin waɗanda suka gwada shi. Kada ka ɗauki buhun abokin gaba, kai ma ka riƙa sayar da shi. Mai rabin farashi ba za ka iya da shi a gidan haya ba, kada ma ka gwada. Ka nemi masu biya kowane wata uku: gidajen biredi, otel, makarantu, kamfanonin bas. Biyar daga cikinsu sun fi maka gida hamsin na ciniki da rantsuwa. Ka kuma tuna yadda kaya suka yi wuya da aka rufe iyaka a 2019 da 2023, kada ka rataya sana'arka ga dillali guda na tsallake.

Ita Hajiya, ka koma ka gaishe ta. Ka ce ta riƙe rabin kuɗinka har zuwa feshi na biyu, sannan ku ɗaga katifar tare ta duba ɗinkin da idonta. In ta dage sai ƙwaya, ka tambaye ta wa ke kwana a bayan bangon nan, ka ɗauki famfonka ka yi mata sallama.