Marar lafiyar da ke cinye lokacin likita

Dakta, ka tambayi yadda za ka yi da marasa lafiyar da ke zuwa kusan kowane mako da koke-koke barkatai, su cinye rabin awa alhali minti 10 gare ka, ga layi a waje.

Gyaran tun daga zamansa yake farawa. Ka bar shi ya zayyana duk abin da ya kawo shi ba tare da ka katse shi ba. Yawancin mutane ba sa wuce minti 2 idan aka ƙyale su. Ka riƙa cewa "sai me kuma?" har ya ƙare. Sannan ku ɗauki biyu: wanda ya fi damunsa, da wanda kai ka fi jin tsoronsa. Sauran ka rubuta a fayil a gaban idonsa. In ka tsallake wannan, sai ya miƙe zai fita zai ce maka ƙirjinsa na ciwo.

Abin da ya fi aiki shi ne ka sa masa ranar dawowa da kanka, bayan mako 2 zuwa 4, ko yana jin ciwo ko ba ya ji, kuma wurin likita ɗaya. Idan sai da sabon ciwo yake samun ganinka, to sabon ciwo ba zai daina ɓullowa ba. Duk zuwa ka duba shi da hannunka, ko da awon jini ne da taɓa wurin da ya nuna. In ya natsu, sai ka riƙa nisanta ranakun.

Kada ka sallame shi da takardar gwaji don ka huta. Ma'aunin yawancin gwaje-gwaje an gina shi ne kan kashi 95 cikin 100 na masu lafiya, wato sakamakon sauran kashi 5 yana fita daga ma'aunin alhali lafiyarsu ƙalau, don haka idan ka yi wa lafiyayye gwaji 20, yiwuwar aƙalla ɗaya ya fito a karkace ta kai kashi 64. Shi ke nan ka haifar da wani sabon tsoro.

Ka bincika damuwa da fargaba ta hanyar gajerun takardun tambayoyi na PHQ-9 (na damuwa) da GAD-7 (na fargaba), ka tambayi barcinsa da halin gida. Kuma don Allah kada ka ce masa "babu abin da ke damunka", domin ciwon da yake ji na gaske ne. Ka faɗa masa abin da ka tabbatar ba shi da shi.

Hatsarin da ya fi girma shi ne sabo. Mai yawan kuka shi ma yana kamuwa da ciwon daji (kansa). Ranar da ya zo da rama, jini a bayan gida, zazzaɓi mai naci ko gumin dare, ka duba shi kamar yau ka fara ganinsa.