Ku Tambaya Mu Amsa: Kifin Mandarin, Kwalbar Ƙwari da Mafakar Ƙarƙashin Tanki

Da alama wani bidiyon tankin kifin teku ya zagaya wayoyin mutanen Kaduna, domin wasiƙun wannan makon kusan duk a kansa suke. Kafin mu shiga, ga bayanin kalmomi biyu da za su yi ta maimaituwa. Kofifod wasu 'yan mitsi-mitsin halittun ruwa ne, dangin jatan lande, galibinsu ba su wuce milimita 1 zuwa 2 ba, kuma su ne abincin wasu kifayen da murjani, wato halittun teku masu rai da ke manne a duwatsu kamar tsirrai. Mafaka kuwa ƙaramin tanki ne da ake jona wa babba, ruwa ɗaya ke zagaya su, amma kifi ba ya shiga, sai ƙwarin, wato kofifod ɗin, su samu wurin hayayyafa ba tare da an cinye su ba.

Malam, maigidana ya sayo wa yara wani kifi mai zanen shuɗi da ruwan lemo, wai sunansa mandarin. Sati uku ke nan bai kalli abincin gwangwani ba, cikinsa ya lotse. Tankin lita 100 ne, watansa biyu. Autana kullum yana zaune gaban gilashi yana kuka. Ko ni ce na yi wani kuskure? — Wata uwa, Unguwar Rimi

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ba ke ba ce. Wanda ya sayar da kifin ne bai faɗi gaskiya ba. Mandarin ba ya cin abinci a zama ɗaya kamar sauran kifaye. Yini yake yana bin duwatsu yana tsintar kofifod ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda kaza ke tsattsagar tsaba a tsakar gida. Tanki mai wata biyu bai tara abin da zai ishe shi ba, kuma ɗan abin da ya tarar ya riga ya share shi tun satin farko. Waɗanda suka daɗe a harkar ba sa sa shi sai tanki ya yi wata 6 zuwa shekara, mai yalwar duwatsu, kuma lita 100 ta yi masa kaɗan in babu mafaka.

Abin da ya fi shi ne maigida ya mayar da shi, ko ku ba wani mai tsohon tanki ajiya. In hakan bai samu ba, ku nemi busasshen ƙwan Artemia, wani ɗan ƙaramin dangin jatan lande na ruwan gishiri. Kamar garin ƙasa yake a gwangwani, ba ya lalacewa a hanya, kuma in an zuba shi a ruwan gishiri ana hura masa iska yana ƙyanƙyashewa cikin kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ki kashe famfo, ki ɗebi 'ya'yan da sirinji marar allura, ki fesa a hankali kusa da inda kifin yake, sau biyu ko uku a rana. Wannan riƙon ƙwarya ne kawai, amma yakan ceci rai. Ki ba autan aikin riƙe sirinjin, zai rage kukan.

Akwai kududdufi a bayan gidanmu cike da ƙananan ƙwari masu tsalle a ruwa. In ɗebo in zuba a tankina ba sai na huta da saye ba? — Ɗalibi, Rigasa

A'a. Na ruwan daɗi ne, suna shiga ruwan gishiri za su mutu su ɓata maka ruwa. Kuma ka tambayi kakanka abin da ake kira kurkunu: irin waɗannan ƙwarin na kududdufi, su ma kofifod ne, su ke ɗauke da tsutsarsa, shi ya sa aka riƙa raba wa ƙauyuka ƙyallen tace ruwa. Sai a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya ta rabu da cutar. Ka bar kududdufi ga kwaɗi.

Na ga wani a Instagram yana tallar kwalbar kofifod, ya ce dubbai ne a ciki, zai aiko ta mota daga Legas. Kuɗin ya kusa na rabin buhun shinkafa. Ya ce in sayi uku ya yi min ragi. In tura? — Ma'aikacin banki, Barnawa

Yallaɓai, ka mayar da wayarka aljihu tukuna, ka saurare ni, domin wannan maganar ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Babu hajar da ta fi sauƙin ha'inci a duk harkar kifi kamar wannan. Ana sayar maka da ruwa ne a kwalba, abin da ke cikinsa kuma ido da ƙyar yake ganinsa. Wa zai zauna ya ƙirga dubbai? In takalmi ne jabu, ɗinkinsa zai tona shi. In turare ne, hanci zai faɗa maka. Nan kuwa mutum na iya ɗebo ruwan tankinsa, ya ɗiga ɗan koren ruwa, ya manna takarda mai kyalli, ya karɓi kuɗin da wani ke ciyar da gidansa sati guda. Cinikin biri a sama ke nan.

Ni ma an taɓa ni, shi ya sa nake da bakin magana. Wata shekara cikin zafin Afrilu na je tasha na karɓi tawa kwalbar daga hannun direba. Ya ciro ta daga bayan mota, tsakanin buhunan kaya, roba ta yi ɗumi kamar an ɗauko ta daga kan murhu. Ina buɗe murfin a gida warin ruɓaɓɓen ƙwai ya buge ni. Na ɗaga ta saitin taga na fi minti goma ina zuba ido, babu abin da ya motsa sai wani datti da ke lilo a ƙasa. Da na kira mai kayan sai ya ce wai barci suke yi. Barci! Har yau ba su farka ba.

Ko mai sayarwar mutumin kirki ne, ka yi lissafin hanyar. Daga Legas zuwa Kaduna mota kan yini ta kwana, cikin but, babu sanyi, murfi a rufe, iska tana ƙarewa. Abin da ya bar can da rai ba dole ne ya iso nan da rai ba. Don haka kafin ka tura ko kwabo, ka tambaye shi wane iri ne. In ya ce "ai kofifod ne kawai", ka yi sallama da shi. Mai kiwo na gaskiya zai kira maka suna. Tisbe ƙanana ne ƙwarai, suna laɓewa a ramukan dutse, su ne suka fi kafuwa a tanki. Tigriopus sun fi girma, jajaye-jajaye ne, suna jure wahalar tafiya domin asalinsu 'yan kwatamin duwatsun bakin teku ne inda zafi da gishiri ke hawa da sauka, sai dai suna yawo a fili, kifi na gama da su nan da nan. Apocyclops kuma suna jure ɗumi, wanda ba ƙaramin abu ba ne a garin nan. Ka sa ya ɗauki bidiyon kwalbarka ranar da zai aiko, tocila a gefe, baƙin ƙyalle a baya. Ka nemi a sa ta cikin kula mai riƙe sanyi, a aiko da motar dare. Ku yi yarjejeniya a rubuce cewa in sun iso a mace zai sake aikowa. Da ta iso, ka haska ta a ɗaki mai duhu. Masu rai ba sa lilo da ruwa, zabura suke yi, su tsaya, su sake zabura, wasu kuma suna rarrafe a jikin roba. Ka shinshina: ƙamshin teku ya kamata ka ji.

Sai batun sayen uku. Ina za ka zuba su? Wasiƙarka ba ta ambaci mafaka ba ko sau ɗaya. In ka juye kwalba uku a tankin da kifi ke ciki, walima ka shirya musu, kafin asuba an gama, wata mai zuwa ka sake tura kuɗi. Wannan shi ne abin da ke ba ni haushi da mutanenmu: mutum zai ƙi kashe kuɗi kaɗan sau ɗaya ya gina wurin kiwo, amma ya yarda ya riƙa zubar da masu yawa kowane wata saboda kwalba tana da hoto. Kwalbar iri ce, kamar irin masara, shuka ta ake yi. Guda ɗaya mai rai ta isa. Kuma kafin ka nemi na Legas, ka cigita cikin masu tanki a Kaduna ko Abuja. Dunƙulen gansakuka ɗaya daga mafakar wanda ya daɗe yana zuwa da ƙwarinsa a jiki, tafiyar awa biyu ce ko uku, kuma sau da yawa kyauta za a ba ka. Ka dai duba shi da kyau kada ka kwaso wa kanka wasu baƙin da ba ka gayyata ba.

Zan yi mafaka. In yi odar ta waje ko in sa a haɗa min a nan? Me zan zuba a ciki? — Injiniya, Malali

Ga mai tambaya da hankali. A haɗa maka a nan, ɗan'uwa. Akwati ne na gilashi, duk mai yankan gilashin da ya iya aikinsa zai yi, ba sai ka biya dala da kuɗin fito ba. Sharaɗi biyu: silikon ɗin ya zama wanda ba a sa masa maganin fumfuna ba, domin na banɗaki guba ne ga halittun ruwa, sannan kada mai famfo ya sa maka ko mahaɗi ɗaya na tagulla. Tagulla tana kashe kofifod da jatan lande da murjani gaba ɗaya. Roba zalla. Haka duk maganin kifin da ke da tagulla, kada ya kusanci wannan ruwan.

Girma kuwa, iya abin da kabad ɗin ƙarƙashin tanki zai ɗauka. Ka zuba ɓaraguzan dutsen teku masu ramuka, ka ɗora dunƙulen gansakukar Chaetomorpha, wadda take kamar koren soson ƙarfe na wanke tukunya. Cikin saƙarta ƙwarin ke ɓuya, ita kuma tana shanye dattin da kifi ke fitarwa. Ruwa ya riƙa wucewa a hankali. Safar tacewa, wato jakar ƙyalle mai tare dattin ruwa, ta kasance kafin mafaka, in ka sa ta bayanta kai da kanka za ka riƙa kame ƙwarin da kake kiwo. Fitila ƙarama ta shuka ta isa, a kunna ta da dare lokacin da ta babban tanki ke kashe, don tsamin ruwa ya daidaita dare da rana. Kada kifi ko ɗaya ya shiga, ko da na kwana ɗaya ne "kafin a samar masa wuri".

Ranar zuba iri, ka bar kwalbar ta yi iyo a ruwan kamar minti 20 zafinsu ya zo ɗaya, ka jira dare, ka kashe na'urar kumfa mai fitar da dattin ruwa da famfo na ɗan lokaci, sannan ka juye mafi yawa a mafaka. Abincinsu koren ruwa ne, wato fitofilankiton, 'yan mitsi-mitsin tsirran ruwa irin su Nannochloropsis da Tetraselmis, kaɗan-kaɗan sau biyu ko uku a sati, a ajiye shi a firij. In ruwa ya yi duhu ka yi yawa. Daga nan sai haƙuri. Daga ƙwai zuwa girma suna ɗaukar makonni, don haka kada ka fara damuna da waya bayan kwana uku. Bayan wata guda ka tashi da tsakar dare, ka haska gilashin mafaka da tocila daga gefe, za ka ga fararen ɗigo-ɗigo suna gudu kamar an watsa gari. Idan gansakukar ta cika wuri za ka rage ta, ka fara girgiza ta a babban tanki kafin ka yar.

Unguwarmu wuta ba ta zama. Zan iya? — Mai shago, Kawo

In ba ka da sola ko inbata, kada ka fara. Ba rowa nake maka ba. Ruwan da ya tsaya cik iskarsa ƙarewa take yi cikin sa'o'i, kuma gansakuka in tana cikin duhu ita ma shaƙar iskar take yi maimakon ta bayar. Mafi ƙaranci ka mallaki ɗan famfon iska mai batir. Tankin murjani yana son zafi tsakanin digiri 24 da 27, kai kuma ka san yadda ɗaki ke zama a Maris da Afrilu: fanka a saitin saman ruwa, da robar ƙanƙara a rufe a jefa a tankin ƙasa inda mafaka take. Da hunturu kuma hita, da murfin da zai tare ƙura. Ruwan da ya ƙafe a cike gurbinsa da tataccen ruwa marar gishiri, domin gishirin bai tafi ko'ina ba. Ka lissafa kuɗin fetur ɗin janareta na wata guda, in bai tsorata ka ba sai ka sake rubuto mini.

Gishirin tanki ya yi tsada. Ba zan iya amfani da na miya ba? Ai duk gishiri ne. — Ba suna

Na gane dalilin ɓoye sunan. Gishirin miya ba shi da kalsiyam da magniziyam da sauran sinadaran da ruwan teku ke ɗauke da su, ga kuma maganin hana dunƙulewa da ake sa masa. Ka sayi na tanki a buhunsa ko bokitinsa na asali a rufe, kada ka karɓi wanda aka ƙulla a farar leda ana ce maka awo ne daga babban buhu. Kimanin giram 35 zuwa 40 ake zubawa a lita, a auna da ma'aunin gishiri har ya nuna 1.025, kuma da ruwan da na'urar RO mai cire sinadarai daga ruwa ta tace za a haɗa, ban da na rijiyar burtsatse. Na miyan ka miƙa wa uwargida.