Hukuncin riƙe yaron da aka tsinta a tasha ba tare da sanar da hukuma ba

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni mai shayi ne a wata tashar mota a nan Kano. Wata biyar da suka wuce, bayan sallar isha'i, na ga wani yaro da bai wuce shekara huɗu ba yana kuka a gefen teburina. Na zaga tashar da shi, ba wanda ya san shi, sai na tafi da shi gida. Mun yi cigiya a masallacin unguwa Juma'a uku, na kuma gaya wa mai unguwa. Yaron ya faɗi sunansa, ya ce wata anti ce ta saya masa alewa ta hawo da shi mota. Shekararmu 11 da mai ɗakina Allah bai ba mu haihuwa ba, yanzu ta shaƙu da shi, har mun sa masa sunan mahaifina. Ban je wajen 'yan sanda ba don tsoron kada a ce ni na sace shi. Wani malami ya ce min tunda na yi cigiya na fita haƙƙi, shari'a ba ta ce sai an kai wa hukuma ba, kuma in shekara ta cika ba wanda ya zo, yaro ya zama namu. Shin haka ne?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri a kan daren farko. Ɗauke ƙaramin yaro daga inda zai halaka farilla ce a kan jama'a, kai ne Allah ya ba ikon sauke ta, babu saɓani a kan wannan. Amma wata biyar ɗin da suka biyo baya hukuncinsu daban, kuma wajibi ne a kanka ka kai maganar yaron nan gaban hukuma cikin kwanakin nan, ba sai shekara ta zagayo ba.

Kalma ɗaya ce a tambayarka ta yanke hukuncin, wato maganar antin nan da alewa da mota. Abin da littattafan fiƙihu suka fi magana a kai shi ne jaririn da aka yar, wanda aka ajiye a ƙofar masallaci ko a kango aka gudu. Naka ba shi ba ne. Yaro ne mai wayo, ya san sunansa, kuma da bakinsa ya gaya maka cewa wata ce ta raba shi da gida. Malamanmu na Malikiyya da kansu sun bambance yaron da ubansa ya yar da gangan da wanda ya ɓata: na farko ana iya bin uban bashin abin da aka ciyar, na biyu ba a bin sa komai, don shi ma jarraba ce ta same shi. Galibin zato shi ne wannan yaro yana da uwa da uba da ke neman sa, kuma ba a unguwarku suke ba, watakila ma ba a Kano ba. Akwai kuma yiwuwar matar nan sato shi ta yi, wani abu ya firgita ta a tashar ta sulale. In haka ne, kai ne ke riƙe da shaidar da za ta iya hana ta komawa ta ɗauki ɗan wani.

Sai maganar malamin da ka tambaya. Ina kyautata masa zato cewa ba a ba shi labarin antin ba. Amma wannan ra'ayi ya yaɗu, ina jin sa daga bakin mutanen kirki, don haka zan tsaya a kansa.

Batun cikar shekara an ɗauko shi ne daga hukuncin tsintuwar dukiya, inda Annabi (SAW) ya ce a yi shekara ana cigiya. Ɗan Adam ɗa ne, ba a mallakarsa, ba bayan shekara ɗaya ba, ba bayan ashirin ba. Ranar da ubansa ya bayyana da hujja, ko yaron ya yi gemu, nasa ne. To mu ma ɗauka mun yarda da wannan ƙiyasi. Me aka ce game da cigiyar dukiyar? Shehu Khalil a Mukhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya, ya ce a yi ta a wuraren da ake zaton mai ita zai nema, ya ba da misali da ƙofar masallaci, ya ƙara da cewa in an tsince ta tsakanin gari biyu a yi cigiya a duka biyun. Ƙofar masallaci misali ce, abin nufi shi ne labari ya kai ga mai abu. Kai kuwa a tasha ka tsinci yaron, inda motar Bauchi da ta Gombe da ta Jos ke sauke mutane dare da rana. Uwar da ɗanta ya ɓata a wani gari ba za ta ji lasifikar masallacin unguwarku ba. Inda mijinta ya je shi ne caji ofis, da gidan rediyo, da gidan mai unguwarsu, ya bar hoto da lambar waya. Can ne wurin nema a yau, kuma abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne.

Gaskiya ne mafi yawan malamai ba su sa izinin shugaba sharaɗi kafin a ɗauki yaron da aka tsinta ba. Ɗauka daban, ɓoyewa daban. A cikin Muwaɗɗa akwai labarin Abu Jamila, wanda ya tsinci jariri a zamanin Sayyidina Umar ya kai shi gabansa. Umar bai karɓi maganarsa haka kawai ba, ya tambaye shi me ya sa ya ɗauke shi, sai da wakilin unguwarsu ya shaida cewa mutumin kirki ne. Sannan ya ce ya tafi da shi, yaron ɗa ne ba bawa ba, ciyar da shi kuma a kan baitulmali. Duba aikin da wakilin unguwa ya yi a nan: ya tsaya wa mutuminsa shaida a gaban shugaba, bai maye gurbin shugaban ba. Shi ne aikin mai unguwarku yau. Malikiyya sun kuma ce kafa shaidu a kan tsintar yaro yana zama wajibi idan ana tsoron in an jima mai tsintar zai ce ɗansa ne. Kai da bakinka ka ce kun sa masa sunan mahaifinka.

Wasu sukan ce ai wancan Umar ne, hukumar yau ba da shari'a take aiki ba. Wannan ba hujja ba ce. Mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa ana haɗa kai a kansa da duk wanda ke da ikon yi, kuma Annabi (SAW) ya yabi ƙawancen da Ƙuraishawa suka ƙulla tun kafin aike don taimakon wanda aka zalunta. Mai faɗin wannan magana in aka sace masa babur, kafin azahar yana caji ofis.

Kai ɗan Kano ne, ba sai na tuna maka shekarar 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka dawo da yara tara da aka sace daga unguwanni irin su Sauna da Hotoro da Yankaba aka kai su Onica a jihar Anambra. An canja musu suna, wasunsu Hausar ma ta ɓace musu. Babu cigiyar masallaci da za ta iya tsallaka wannan nisa. An same su ne don iyaye sun kai rahoto, an kama mutum, bincike ya bi sawu daga wannan jiha zuwa waccan. A 2021 babbar kotun Kano ta yanke wa jagoran masu satar ɗaurin shekara 104. Ban haɗa ka da su ba, Allah ya kiyaye, niyyarka da tasu ba ɗaya ba ce. Amma ƙwaƙwalwar ɗan shekara huɗu ba ta san niyya ba. Duk watan da ya wuce ana kiran sa da sabon suna, wani abu na gidansu yana gogewa, kuma da wannan ɗan abin da ya rage ne za a gano iyayensa. Ku mayar masa da sunansa yau. Jingina shi gare ka haramun ne da nassin Suratul Ahzab, ba ya gadon ka, kuma shekarun shayarwa sun wuce, don haka in ya balaga ba muharramin mai ɗakinka ba ne.

Tsoron da kake ji na fahimce shi, talaka ba ya son ƙofar caji ofis. Sai dai ka sani jinkirin ne yake ƙara maka haɗari. Wanda ya kai kansa da shaidu daban yake da wanda maƙwabta suka kai ƙararsa aka zo aka sami yaro a ɗakinsa da sabon suna. Kada ka tafi kai kaɗai. Ka ɗauki mai unguwa, da limamin da aka yi cigiya a masallacinsa, da shugaban tasha ko wani direba da ya gan ka a daren kana zagawa da yaron. Ka faɗi gaskiya har da jinkirin da dalilinsa, ka tabbatar an rubuta. Saboda maganar antin, ka nemi a sanar da hukumar NAPTIP, ita ce aka kafa tun 2003 don yaƙi da safarar mutane, tana da ofis a Kano da hanyar tuntuɓar sauran jihohi. Ma'aikatar harkokin mata ta jiha ita ke kula da inda yaro zai zauna kafin a gano nasa. Ka roƙi a bar shi a hannunku a rubuce. In an amince, madalla. In an ce a kai shi gidan yara na gwamnati, kada ka yi gardama, kuma kada ka ɗauke ƙafa: ka riƙa zuwa, ka riƙa tambayar inda bincike ya kwana, don takardar da ba mai bibiyarta takan daɗe a aljihun tebur.

Kayan da ya zo da su, riga da wando da takalmi, in suna nan kada a yar, kada a ba wani. Ka zauna da shi cikin wasa, ban da tsawa, ka rubuta duk sunan da ya ambata, na yayye ne, na malamin Islamiyya ne, na kasuwa ne. In yana jefa wata kalma da ba Hausa ba, ita ma a rubuta. Idan za a sa hotonsa a Facebook ko a yi sanarwa a rediyo, a ɓoye wata alama, kamar tabo a jiki ko launin rigar da ya zo da ita, don a jarraba mai zuwa. Duk wanda ya zo maka gida yana kuka ya ce ɗansa ne, kada ka miƙa, ku tafi gaban hukuma tare. Fiƙihun Malikiyya ma bai yarda a ba da yaron ga mai da'awa ba sai da shaida ko wani dalili mai ƙarfi, kuma ita matar da ta kawo shi ta san tashar da ta bar shi. Kada ka kai shi ƙauye wajen dangi, kada ka sa wa iyayensa sharaɗin kuɗi. In sun ba ka tukuici don ransu, halal ne.

Mai ɗakinka kuma ka bi ta a hankali, ita za ta fi jin zafin wannan amsa. Kada ka je ka ce mata Malam ya ce a ƙwace yaro. Ka tuna mata akwai wata mace da ta yi wata biyar ba ta san ko ɗanta ya ci abinci ba, da kuma gargaɗin da ya zo a hadisi kan raba uwa da ɗanta. Ba ka tambaye ni batun haihuwa ba, amma zan faɗa: ku je asibiti ku biyu, har da kai, don sau da yawa mace ake ta kaiwa wajen masu magani alhali ba a taɓa duba mijin ba. Idan riƙo kuke so, ga marayun danginku, ga kuma hanyar neman riƙo ta ma'aikatar da na ambata. In an bincika iyakar bincike ba a gano iyayen wannan yaro ba, ku nemi riƙonsa ta wannan hanya, da sunansa na asali, kuma ranar da ya yi hankali a gaya masa yadda aka same shi.

Wallahu a'alam.