Tambayoyinku: Waya mai megafiksel 108, hoton dare kamar an watsa yashi

Tambaya daga Gusau: Malam, in ina amsa kira allon wayata ba ya mutuwa, kuncina sai ya riƙa danne-danne har ya katse kiran.

Amsa: Ɗan'uwa, gilashin kariyar da ka manna ya rufe ɗan sensan da ke saman allo, wanda ke gane kunnenka ya matso. Ɓare shi, ka sa mai rami a wurin.

Tambaya daga Zinder: Na sayar da tsohuwar wayata mai megafiksel 12 na sayi mai 108. Amma hoton da na ɗauka a wajen biki da dare duk ɗigo-ɗigo ne. An cuce ni ne?

Amsa: Ƙanina, ba wanda ya cuce ka, lambar da ke jikin kwali ka saya. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin kullum mutane suna zubar da kuɗin guminsu a kansa.

A bayan gilashin kyamara akwai sensa, ɗan faranti da bai fi farce girma ba. An yanka shi gida-gida, kowane gida fiksel ɗaya, aikinsa tarar haske ya mai da shi lantarki; fiksel miliyan ɗaya shi ne megafiksel. Ka ɗauka ruwan sama kake tara a tsakar gida. Ko ka jera bokitai 12, ko murafen kwalba 108, filin dai ɗaya ne. Da rana ruwa kamar da bakin ƙwarya, kowa ya cika. Da dare yayyafi ne, murfin kwalba ɗigo biyu zai samu, sai waya ta ƙara wa ɗan abin ƙarfi, ta ƙara har da dattinsa. Yashin da kake gani ke nan. Masu ƙera wayar sun san haka, shi ya sa yawancin masu 108 ke haɗa gida tara su zama ɗaya. Raba 108 gida tara, ka ga inda ka koma: 12 ɗin da ka sayar.

Fiksel ma bai san launi ba. Ana ɗora masa ɗan matacin launi ne, rabinsu kore, sauran ja da shuɗi, tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya yi wa rajista a 1976, sannan manhaja ta cike gurbi da lissafi.

Dubi idonka da Allah ya halitta. A bayansa akwai ƙwayoyi iri biyu: masu gane launi, 'yan miliyoyi kaɗan, suna buƙatar haske sosai, da masu aikin duhu, sama da miliyan 90, waɗanda ba ruwansu da launi. Shi ya sa a farin wata kake ganin akuya amma ba ka iya rantsuwa ja ce ko baƙa. Ido kan ɗauki wajen minti 20 zuwa 30 kafin ya gama sabawa da duhu. Kai kuma kana son waya ta yi a ƙiftawa ɗaya, hannunka na rawa, amarya na juyi!

Kunna yanayin dare na kyamarar, jingina gwiwar hannu da bango, ka ƙirga uku. Ni ba na sayen waya sai na tambayi girman sensa, na kuma ɗauki hoto a lungun shagon da ya fi duhu. Ku ma ku riƙa yi.

Tambaya daga Kumasi: Ta yaya zan san rimut ɗina ya mutu ko batir ne?

Amsa: Hajiya, sa sabon batir, nuna kan rimut ga kyamarar waya ki danna. Yana fitar da hasken da ido ba ya gani amma sensa na kamawa. In kin ga ƙyalli ruwan hoda, lafiyarsa lau. In ta baya ta ƙi, gwada ta gaba.

Tambaya daga Katsina: Hotunana duk hazo tun shigowar hunturu.

Amsa: Ƙura ce da maiƙon ƙosai. Goge gilashin da ƙyalle mai laushi kafin kowane hoto.